Yadda ake amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen rubuta zaman likita da dangin mara lafiya a ICU

Duk wanda ya saba buɗe fayil ɗin marasa lafiya a sashen kulawa ta musamman, wanda ma'aikata ke kira ICU, ya san wannan layi: "An yi wa dangi bayani." Zama ne na minti 30 ko 40. An faɗa musu ƙoda ta daina aiki, uwargida ta yi kuka, babban ɗa ya ce a dakata sai baffansu ya iso, amma abin da ya shiga takarda kalma 5 ne kacal. Da ƙarfe 2 na dare, in zuciyar mara lafiyar ta tsaya, likitan da ke aikin dare ba shi da inda zai duba ya ga ko dangi sun yarda a danna ƙirji, ko ma an yi musu maganar. Washegari wani likitan ya sake tara su, ya tambaye su abin da suka riga suka amsa, kamar jiya ba a zauna ba.

Wannan giɓin ake so manhajojin da ke saurare suna rubutu su cike. Aikinsu hawa uku ne, kuma kowane hawa da irin kuskurensa. Na farko su mayar da sauti rubutu. Na biyu su rarraba muryoyi, su ce wannan jimlar ta wane ce. Na uku su ɗauki dogon rubutun su taƙaita shi zuwa bayanin da zai shiga fayil. Akwai Dragon Copilot na Microsoft, da Abridge, da Nabla, da Heidi, da wasunsu. A Amurka suka fi yaɗuwa: a watan Oktoban 2023 ƙungiyar likitocin Permanente ta arewacin Kalifoniya ta buɗe wa likitocinta 10,000 irin wannan manhaja, cikin mako 10 aka yi amfani da ita a ganawa fiye da 300,000. Hukumar lafiya ta Ingila ta fitar da nata ƙa'idojin amfani da su a watan Afrilun 2025. Sai dai yawancin waɗannan ganawar na ɗakin duba marasa lafiya ne, likita ɗaya da mutum ɗaya, da Turanci. Zaman dangi a ICU wata duniya ce dabam: mutum 6 ko 8, ana katse juna, ana kuka, ana dogon shiru, mai ciwon kansa ba ya iya magana, kuma jimla ɗaya na iya zama dalilin ci gaba da injin numfashi ko tsayar da shi.

Duk da haka abin ya cancanci wahalarsa, saboda abin da aka sani game da irin wannan zama. Wani bincike da Elie Azoulay da abokan aikinsa suka wallafa a Faransa a 2000 ya nuna kashi 54 cikin 100 na dangi ba su fahimci ciwon ba, ko maganin da ake yi, ko inda ake tsammanin lamarin zai kai. A wani binciken da aka wallafa a 2004, an naɗi zama 51 a Siyatil ta Amurka, aka tarar dangi sun samu kashi 29 cikin 100 ne kawai na lokacin magana, kuma inda aka fi barin su suka yi magana nan suka fi gamsuwa. A 2007 aka wallafa gwajin da aka yi a sassan ICU 22 na Faransa: da aka tsawaita zaman daga minti 20 zuwa 30, aka bar dangi suka yi magana ta minti 14 maimakon 5, aka kuma ba su ɗan littafin bayani, alamun firgici mai ɗorewa bayan kwana 90 sun sauka daga kashi 69 zuwa 45 cikin 100. Likitan da kansa ke sunkuye a kan takarda ba zai iya irin wannan sauraron ba. Amfanin manhajar ke nan na gaskiya, ta ɗauke masa biro domin idonsa ya koma kan mutane. Hukuncin abin da aka yanke kuwa ba a sakar mata shi.

Kafin a kunna komai

Aikin yana farawa ne a ofishin hukumar asibiti. Muryar da za a naɗa ta ƙunshi sirrin mara lafiyar da ba zai iya ba da izini ba, da sirrin danginsa waɗanda ba su zo asibiti neman magani ba. A Najeriya sashe na 26 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya wajabta ɓoye bayanan mara lafiya, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar tsaro na musamman, ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da su ƙetare, ta kuma ce a sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin awa 72 idan bayanai suka fita ta yadda za su iya cutar da masu su. A Nijar hukumar HAPDP ce ke kula da wannan fannin. Don haka sai asibiti ya samu amsa a rubuce daga kamfanin: a wace ƙasa rumbun da sautin zai je yake, kwana nawa ake ajiye shi, wa ke iya saurarensa, kuma ko za a yi amfani da shi wajen horar da manhajar. Amsar ta ƙarshen dole ta zama a'a, a cikin yarjejeniyar da aka sa wa hannu.

Kada a yi amfani da wayar likita ta kansa. Waya ce da yara ke wasa da ita a gida, tana tura abin da aka naɗa zuwa ma'ajiyar intanet ba tare da mai ita ya lura ba, kuma ana sace ta. Kada a tura sautin ta WhatsApp, kada a kwafi rubutun a zuba wa manhajar hira ta kyauta a ce ta taƙaita. A ware waya ko kwamfutar hannu guda ta sashen, mai kalmar sirri, a riƙa kulle ta inda ake kulle magunguna masu haɗari.

Sai gwaji, kuma ba a kan dangi na gaskiya ba. A tara ma'aikata 6 su kwaikwayi zama, wani ya zama babban ɗa, wata uwargida, wani kawun da ke katse kowa. A yi haka sau 10, a ɗakin da za a riƙa zaman, da irin harshen da ake yi a wurin, Hausa da Turanci a cakuɗe. A rubuta tun farko abin da aka shirya za a yanke, sannan a gwada da abin da manhajar ta fitar. Kurakuran a kasa su huɗu: abin da ta tsallake, abin da ta ƙara, maganar da ta jingina wa wanda bai yi ta ba, da ma'anar da ta juya. Na huɗun shi ne mai kisa. In ya bayyana ko sau ɗaya a kan maganar danna ƙirji ko injin numfashi, manhajar ba ta isa ta saurari zaman kai tsaye ba, sai a bi hanyar shifta da za a zo kanta a gaba.

Ɗaki da makirufo

Kada a yi zaman a bakin gado. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ƙara a ɗakunan marasa lafiya ta wuce desibel 35 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne), amma awon da ake yi a ICU yakan haura 50, ga ƙarar na'urorin da ke lura da bugun zuciya, ga hucin injin numfashi. Banda haka makirufo zai ɗauko maganar gadon da ke kusa. A samu ɗaki mai ƙofa, a kashe fankar sama in za a iya jurewa, a nisanci tagar da ke ɓangaren janareta. A ajiye na'urar a tsakiyar tebur a kan ɗan ƙyalle don kada ta riƙa ɗaukar ƙwanƙwasar hannu, kuma kada kowa ya wuce mita 1 zuwa 2 daga gare ta. A lura da wurin zaman mata. Sau da yawa sukan koma baya kusa da ƙofa, suna magana ƙasa-ƙasa, alhali matar da ta kwana 20 tana jinya ita ta fi kowa sanin abin da mijinta ya taɓa faɗa game da irin wannan rana. In tana nesa da makirufo, za ta ɓace daga rubutun ɗungurungum.

Sautin minti 30 da ba a matse ba yakan kai megabait 58, wanda aka matse kuma kusan 14. Inda intanet ke yankewa a zaɓi manhajar da ke ajiye sautin a cikin na'ura ta tura daga baya. A tabbata caji ya haura rabi, a toshe shigowar kira, domin a wayoyi da dama kira ɗaya na tsayar da naɗin ba tare da wata alama ba. Ko da komai na aiki, nas ɗin da ke zaman ta riƙe takarda da biro ta rubuta abu uku kawai: wa ke da ta cewa, me aka yanke, yaushe za a sake zama.

Neman izini

Ana nema ne bayan gaisuwa, kafin a taɓa maɓalli, kuma daga kowa, ba daga babban cikinsu kaɗai ba. Ga irin lafazin da ya dace: "Alhaji, Hajiya, sannunku da jinya. Kafin mu fara, muna da wata na'ura da ke sauraron maganarmu tana rubutawa, don likitan dare ya san abin da muka tattauna ba sai an sake tayar da ku ba. Ni zan karanta in gyara kafin ya shiga fayil ɗin Baba, sautin kuma za a goge shi. In ba ku so ba komai, kulawar da ake ba Baba ba za ta canja ba ko kaɗan. In ma mun fara kuka ce a kashe, za a kashe." Sannan a dubi kowa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya sunkuyar da kai bai amsa ba, nas ta tambaye shi a hankali. Mutanen da ɗan'uwansu ke kwance kan inji ba sa son saɓa wa likita, suna tsoron kada ƙin ya shafi mara lafiyarsu, shi ya sa jimlar nan ta cewa kulawa ba za ta canja ba ba a barin ta. Mutum ɗaya ya ƙi, an fasa ke nan.

Da an kunna, likita ya faɗi kwanan wata da lokaci, sannan kowa ya faɗi matsayinsa da bakinsa: "Ni ce matarsa ta fari", "Ni ne ƙanin mahaifiyarsa". Wannan na taimaka wa manhajar ta kama muryoyin, kuma yana warware wani ruɗani. Wanda ke cewa "babanmu" zai iya zama ɗan cikinsa, ko ɗan wansa, ko almajirinsa. Wanda ya fi kowa magana ba lallai shi ke da hukunci ba, mai biyan kuɗin asibiti ma haka. A tambaya a fili: "In an zo yanke shawara a kan Baba, maganar wa za mu ɗauka?" Manhajar in an bar ta, mai yawan magana za ta naɗa wakili.

Inda Hausa ke kayar da na'ura

Ko da Turanci zalla, waɗannan na'urori ba su yi wa kowa adalci ba. Wani bincike na 2020 a kan manhajoji 5 na manyan kamfanoni ya tarar suna kuskuren kalma 19 cikin 100 ga fararen Amurkawa, 35 cikin 100 ga baƙaƙe. Saboda irin wannan ne aka tattara AfriSpeech-200 a 2023, awa 200 na Turancin 'yan Afirka har da kalmomin asibiti. Whisper, injin mayar da sauti rubutu wanda kamfanin OpenAI ya fitar a 2022, ya lissafa Hausa cikin harsunansa, amma lissafawa dabam, iyawa dabam. A yi lissafi mai sauƙi: zaman minti 30 na iya kai kalma 4,000. In na'ura na kuskuren 1 cikin 10, kalma 400 ke nan ba daidai ba, kuma hawa na uku zai ɗinke su cikin Turanci mai santsi wanda ba ya nuna tabo.

Ƙananan kalmomi su ne suka fi haɗari. "Kar a ba shi jini" da "a ba shi jini", bambancinsu gaɓa ɗaya ce, tari ɗaya ya isa ya haɗiye ta. "Ba mu yarda ba" in ta rasa "ba" ta farko, saura kaɗan ta koma "mun yarda". Rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, don haka yaya na babban wa, da yaya na tambaya, da 'ya'ya, duk suna iya fitowa iri ɗaya, sai a karanta cewa wansa ne ya amince alhali 'ya'yansa ne. "Ya cika" na iya komawa maganar cikar wani abu. Dangin da suka tsallako daga Maraɗi ko Damagaram in suka ce dala ashirin, sefa 100 suke nufi, na'ura kuwa kuɗin Amurka za ta rubuta. Jibi, gata, rana ita yau, bayan la'asar, duk likita ya maimaita su da kwanan wata da ƙarfe. In da Turanci ake faɗar lamba, 15 da 50 sukan rikiɗe, sai a faɗi alƙaluman ɗaya-ɗaya.

Mafi wuya shi ne maganar da aka ji daidai aka fahimta a karkace. A tambayi Bahaushe ya mai jiki, zai ce da sauƙi ko da mai jikin na gargara, ladabi ne da kyautata zato ga Allah. Manhaja za ta rubuta cewa dangi na ganin yana samun sauƙi, likitan gobe ya ɗauka ba su gane tsananin ciwon ba. "To" ba yarda ba ce. "Mun ji" ba yarda ba ce. "Za mu yi shawara" na nufin ba a yanke komai ba, wani lokacin ma a'a ce cikin kara. Babbar cikinsu ita ce "mun bar wa Allah". A bakin wani tana nufin ku yi duk abin da za ku iya, sakamako na Allah ne. A bakin wani tana nufin ya isa haka, kada a ƙara wahalar da shi. Manhajar za ta zaɓi ɗaya ta rubuta shi kamar tabbas. Maganin wannan a cikin zaman yake: likita ya ce, "Haka ne Alhaji, komai na Allah ne. Don kada in yi muku gurguwar fahimta, in zuciyarsa ta tsaya, kuna so mu danna ƙirji mu yi ƙoƙarin tayar da ita, ko mu bar shi cikin natsuwa?" Amsar da ta biyo baya ita ce ta shiga fayil.

An ce shiru ma magana ce, amma ga na'ura shiru tarko ne. A 2024 Allison Koenecke ta jami'ar Cornell da abokan aikinta suka tarar kusan kashi 1 cikin 100 na rubutun da Whisper ya fitar na ɗauke da jimlolin da babu wanda ya furta su, kashi 38 cikin 100 na waɗannan ƙage-ƙagen kuma masu cutarwa ne, kuma abin ya fi faruwa inda mai magana ke yin dogon shiru. Zaman ICU cike yake da irin wannan shirun, kuma likita nagari ba ya gaggawar cike shi. Kada a gajarta shiru don a faranta wa na'ura. A dai san cewa jimlar da ta biyo bayan kuka ko shiru ita ce za a fi zargi wajen dubawa. Girgiza kai da ɗaga kai ma ba sa shiga, sai likita ya mayar da su magana: "Na ga Hajiya kin girgiza kai, ba ki amince ba ke nan?"

In akwai tafinta, manhajar za ta ji kowace magana sau biyu, takan kuma jingina wa tafintan ra'ayin dangi. A gabatar da shi tun farko a matsayin tafinta. Kada a mayar da manhajar kanta tafinta a irin wannan zama, kada kuma a ɗora wa yaro fassara wa mahaifiyarsa cewa mahaifinsa ba zai tashi ba.

Minti 3 na ƙarshe

Nan ne ƙashin bayan aikin. Kafin a tashi, likita ya maimaita komai a hankali, jimla gajeru, ba mai katsewa: halin da mara lafiya ke ciki, abin da aka yarda a yi, abin da aka yarda ba za a yi ba, abin da ba a cimma matsaya a kai ba, da ranar sake zama. Sannan ya nemi wakilin dangi ya faɗa da nasa bakin yadda ya fahimta. Wannan na kama rashin fahimta tun mutane na zaune, kuma yana ba na'ura wuri guda mai tsabta da za a koma a saurara.

Inda zaman Hausa ne zalla kuma gwaji ya nuna manhajar ba ta iya ba, kada a naɗi zaman sam. Da dangi sun fita, likita da nas su tsaya minti 3 zuwa 5 su yi wa manhajar shifta da harshen da ake rubuta fayil da shi, bisa tsarin da ke ƙasa. An rasa ainihin lafazin dangi, amma an tsira daga juyin ma'ana, kuma muryar dangi ba ta fita daga ɗakin ba. Ga yawancin asibitocin da ake zaman da Hausa, wannan ita ce hanyar da muke ganin ta fi dacewa a fara da ita.

Tsarin bayanin da umarnin da ake ba manhaja

Yawancin manhajojin an gina su ne a kan tsarin ganin likita na yau da kullum: ƙorafi, gwaji, ciwo, magani. In aka bar su a haka za su cika shafi da sakamakon gwajin jini su watsar da abin da ya tara mutane. A ba su tsari na musamman: waɗanda suka halarta da matsayinsu, wakilin da ke yanke shawara, abin da dangi suka fahimta kafin bayani, abin da likita ya faɗa game da ciwon da inda ake tsammanin zai kai, abin da mara lafiyar ya taɓa faɗa ko aka san yana so, tambayoyin dangi, saɓanin da ya bayyana, da mataki na gaba. A umarce ta kada ta ƙara abin da ba a faɗa ba, ta rubuta "ba a tattauna ba" a gurbin da ba a taɓa ba, ta rubuta "ba a ji ba" tare da mintin inda sauti ya lalace, ta kuma kawo maganar dangi a kan burin mara lafiya da lafazinsu. Gurbin danna ƙirji, da injin numfashi, da wankin ƙoda, da huda maƙogwaro don sa bututun numfashi, a umarce ta ta bar su fayau. Likita ne zai cike su da hannunsa.

Dubawa kafin sa hannu

Wanda ya jagoranci zaman shi ke dubawa, cikin awa ɗaya, kafin a miƙa aiki. Akwai tsari a nan da bai kamata a juya ba: ya fara cike guraben da aka bari daga takardar nas da abin da ya tuna, sannan ya buɗe daftarin. Dalili kuwa, rubutu mai kyau yana rinjayar tunani. Likitan da ya gaji in ya karanta "dangi sun amince", sai ya ji kamar haka ya ji da kunnensa.

Daga nan a nemi sharaɗin da ya faɗi. "In bayan kwana 3 bai farfaɗo ba, za mu sake zama" takan koma "za a cire inji bayan kwana 3". A nemi hasashen da aka ƙara wa nauyi ko aka rage: "da wuya ya tashi" ba ɗaya take da "ba zai tashi ba". A tabbata an bambanta ƙin fara wani magani da tsayar da wanda aka riga aka fara, domin ga iyalai da yawa da malamansu waɗannan mas'aloli biyu ne. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta tattauna batun cire na'urori tun 1986 a Amman, kuma in dangi sun ce sai sun tambayi malaminsu, a rubuta hakan a matsayin mataki na gaba. A nemi muryar da ta saɓa wa sauran, musamman in sau ɗaya ta yi magana, domin taƙaitawa na bin rinjaye ne. Duk jimlar da aka yi shakka a kanta a koma mintinta a saurara.

Sai a cire abin da bai kamata ya zauna a fayil ba. Na'ura ba ta da kunya kuma ba ta san sirri ba: rigimar gado, bashin da ake bin mara lafiya, zargin da kishiya ta yi wa kishiya, ciwon wani daga cikin dangin da ya ambata cikin kuka, duk za ta iya kwasowa. Fayil kuwa ma'aikata da dama ke buɗe shi, kotu na iya nemansa, mara lafiyar ma yana iya tashi ya karanta. Maganar kuɗi a rubuta ta iya gwargwadon yadda ta shafi magani, misali cewa dangi sun nemi kwana 2 su haɗa kuɗin wankin ƙoda kuma an tura su ofishin jin daɗin marasa lafiya. A ƙasan bayanin a rubuta cewa manhaja ce ta yi daftari da izinin mahalarta, wane ya duba, wance ta shaida. Wannan bayanin ba umarnin likita ba ne. In an yanke ba za a danna ƙirji ba, babban likita ya rubuta umarnin dabam a inda aka saba rubuta shi, a kuma faɗa da baki wajen miƙa aiki.

Sautin a riƙe shi har a sa hannu, sannan a goge cikin wa'adin da asibiti ya rubuta, kwana 1 zuwa 3 ya wadatar. A watan Oktoban 2024 kamfanin dillancin labarai na AP ya ruwaito cewa wata manhajar asibiti da aka gina kan Whisper na goge sautin asali, abin da ke hana a koma a gwada rubutun da abin da aka faɗa. A tambayi kamfani wannan tun kafin a saya. A duba kuma cewa gogewar ta kai har rumbunsu, ba a wayar sashen kaɗai ta tsaya ba.

In za a ba dangi kwafi, a yi rabin shafi da Hausa mai sauƙi, mutum ya rubuta ko ya gyara, a karanta musu kafin a miƙa. A ɗauka cewa kafin magariba hotonsa ya shiga zauren WhatsApp na dangi, don haka kada a sa sunan ciwon da mara lafiyar ba zai so kowa ya sani ba.

Kowane wata wani likita da bai halarci zaman ba ya zaɓi bayani 10 ya gwada daftarin farko da wanda aka sa wa hannu. In ya ga gyara na raguwa har ana sa hannu ba a taɓa ko kalma ba, ya bincika, domin sau da yawa alama ce ta an daina karantawa. Kamfanoni na sauya injin manhajarsu ba tare da fuskarta ta canja ba, don haka duk sanda aka sabunta ta a maimaita gwajin kwaikwayo. Ranar da za a sanar da rasuwa, ko dangi suka zo a fusace suna zargin sakaci, ko zaman ya shafi ciwon da ake ɓoyewa, a bar na'urar a kulle, likita da nas su rubuta da hannu da zarar an tashi, su kuma nuna a fayil cewa ba a naɗi komai ba.